Ƙashin tunkiya ko na akuya? Ga amsarki

Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na ji saƙonki, wai yaya za ki bambance ƙashin tunkiya da na akuya a maikiroskof, wato madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Ni dai na san abin da ke damunki: abin da kika gani a gilashin da aka ɗora yankin ƙashin a kai bai yi kama da hoton littafi ba, ko ba haka ba? Ai ba zai yi ba! Hoton nan na ƙashin mutum ne.

In aka yanka ƙashin cinyar mutum a gicciye, zobe-zobe za ki gani irin na kututturen itace, da ɗan rami a tsakiya inda jijiyar jini ke bi. Shi ne tsarin Havers, sunan likitan Ingila da ya bayyana ramukan a 1691. Su kuwa tunkiya da akuya saurin girma gare su, ƙashin ba ya tsayawa wannan ado. Sai ya jeru kamar ginin bulo, sahu bisa sahu, jijiyoyin jini na ratsa tsakani. Filekzifom ake ce masa.

A'a, tsaya, bari in gyara kada gobe wani ya kama ni. Ba wai ba su da zoben sam ba. Suna da shi, yana ƙaruwa in dabba ta manyanta: ƙwayoyin halittar jiki da ke cin ƙashi su haƙa rami, masu gini su biyo baya su cike. Sai dai nasu ƙanana ne a kan na mutum.

Wannan abin fa ya taɓa cinye min maki. Muna ɗalibai aka ba mu ƙashin ƙwaurin ɗan rago, na zana bulona tsaf, mai duba mana ya soke da jan biro, wai ban iya saita madubi ba. Ni! Washegari na kai masa littafi, ko ɗaga kai bai yi ba. Har yau takardar na nan a akwatina, wallahi in na tuna...

To, a bar wannan. Tunkiya da akuya dai kada ki wahalar da idonki, tsarinsu kusan ɗaya ne. Ko masu tonon kayan tarihi, in guntun ƙashi ya rikita su, gwajin kolajin, wani sinadarin furotin da ke cikin ƙashi, suke yi su raba gardama. Ki turo min hoton gilashin naki in gani, amma ki goge madubin tukuna.