Ga mai son kai iyali Zanzibar daga Gombe: abin da na gani da idona

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa kana son ka kai iyalinka hutun mako guda Zanzibar a watan Afrilu, kana neman ta inda za ka fara. Ni ma a Gombe nake, kuma na je da maiɗakina, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Da farko dai, in da hali ka sauya watan. Daga Maris zuwa Mayu damina ce babba a can, ruwa kamar da bakin ƙwarya, Afrilu kuwa shi ne tsakiyarta. Otal kan yi araha a lokacin, amma me ka je yi in kana ɗaki kana kallon ruwan sama ta taga? Yuni zuwa Oktoba ya fi, ga rana ga iska mai daɗi. Janairu da Fabrairu ma babu laifi, sai dai zafi.

Kada ka biya kuɗin jirgi ko na otal kafin biza ta fito. Zanzibar yanki ne na Tanzaniya, kuma mai fasfon Najeriya ba a buga masa biza a filin jirgi, sai ya nema ta intanet ya jira amincewa. Tamu ta ɗauki makonni, har na fara fidda rai. Ka nemi katin rigakafin shawara na kowa da kowa, sannan tun Oktoban 2024 sun wajabta wa baƙi inshorar tsibirin, dala 44 ga babban mutum. Mu daga filin jirgin Lawanti na Gombe muka tashi zuwa Abuja, muka bi jirgin Ethiopian ta Addis Ababa, muka sauka filin jirgin Abeid Amani Karume. Agogonsu yana gaban namu da awa 2.

Yanzu ga abin da ya fi damuna ka sani, don babu wanda ya gaya mini. Mu da muka saba da madatsar ruwan Dadin Kowa, mun ɗauka ruwa inda ka bar shi nan za ka same shi. Teku ba haka yake ba. Na kama ɗaki a Jambiani, gabashin tsibirin, saboda hoton da na gani ruwa na dukan katangar otal. Washegari da safe muka fito, ruwa ya janye can nesa, sai farin yashi da duwatsu da mata sun duƙa suna gyaran ciyawar teku da suke nomawa a jikin igiyoyi. Maiɗakina ta tsaya shiru, ni ma raina bai yi daɗi ba, don na daɗe ina tara kuɗin nan. Bayan wasu awoyi ruwan ya dawo har bakin katanga, shuɗi tas. Haka yake yi sau biyu a yini, kuma lokacin yana matsawa kullum. Daga baya mun so wurin sosai, babu hayaniya, da asuba kana jin kiran salla daga cikin ƙauye. Amma in da yara ne masu son shiga ruwa kowane lokaci, arewa za ka nufa, Nungwi ko Kendwa, inda ruwan ba ya gudu da nisa. A can kuma Turawa suka fi cika, da kiɗa da giya da shigar da ba za ka so yaranka su gani ba. Ka auna wanda ya fi maka. Ko ina ka zaɓa, a sayi takalmin roba na shiga ruwa, akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya a tsakanin duwatsu.

Ka ware kwana biyu ga Stone Town, tsohon birnin Zanzibar. Lungunanta sun tuna mini cikin birnin Kano, ga ƙofofin katako masu sassaƙa. Galibin mutanen Musulmi ne, masallaci ko'ina, mace da hijabinta babu mai kallonta, abinci ma ba ka fargaba. Bayan magariba ku je Forodhani, lambun bakin teku da ake sayar da abincin dare, ku ci gasasshen kifi da ruwan rake, amma a yi ciniki kafin a ɗora maka a faranti. Ku shiga gonar kayan ƙamshi, a nan na fara ganin kanumfari ɗanye a bishiya, da kirfa ana ɓare ta daga ɓawo. Tsibirin Changuu ma kusa ne a kwalekwale, akwai manyan kunkuru, kada ku hau sai da rigar ceto.

Kada ka dogara da katin bankinka na naira. Ka tafi da dala sababbin bugu, tsofaffi suna ƙin karɓa, ka canza zuwa shilin ɗinsu a gari. In direba ya ce maka "saa moja", ƙarfe 7 yake nufi, don su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ka sa ya nuna maka a agogon waya, musamman ranar komawa filin jirgi.