Tankunan fiffiken Taylorcraft: a cire ko a bari?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce jirgin Taylorcraft BC-12D ne na 1946 mai injin Continental A-65, yana ajiye a filin Thumama kusa da Riyad, tankin fiffiken dama yana ɗan tsattsafo, kuma an ba ka shawarar ka cire duka biyun don jirgin ya yi sauƙi. A ganina kada ka cire su saboda nauyi kawai. Nauyin da ke damun ka na man da ake zubawa ne, shi kansa tankin gwangwani ne na 'yan kilo kaɗan.

Mu yi lissafi. An halatta wa BC-12D ya tashi da fam 1,200, wato kilo 544. Tankin hanci, wato wanda ke gaban jirgi, yana cin galan 12, kusan lita 45, kowane tankin fiffike galan 6, kusan lita 23. Lita ɗaya ta man jirgi 100LL kilo 0.72 ce, saboda haka man hanci kilo 33 ne, na fiffike biyun a haɗe shi ma kilo 33. Ka ce takardar awonku ta nuna kilo 352 babu mai babu mutum. Saura kilo 192. Cika hanci, saura 159, wanda manya biyu za su cinye shi tas. Ke nan ranar da kake da fasinja dama ba za ka zuba komai a fiffike ba. Ranar da kake kai kaɗai kuwa, tankunan nan su ne rufin asirinka. A-65 yana shan lita 16 zuwa 17 a awa. Tankin hanci shi kaɗai awa biyu ne da kusan minti 40, in ka ware ajiyar minti 30 zuwa 45 ka tashi da awa biyu, wajen kilomita 290 in iska ba ta kare ka ba. Riyad zuwa Dammam kusan kilomita 400 ce, kuma ba kowane fili ake samun 100LL ba. Ka ga inda matsalar take.

Masu cewa a cire suna da hujja guda, ita ce zafi. Riyad tana sama da teku da kusan mita 600, a rana mai digiri 43 iskar ta yi sirantar da jirgi zai ji kamar yana tsayin ƙafa 6,000, inji mai ƙarfin doki 65 kuma ba ya da rarar da zai yi wasa da ita. Amma maganin wannan tashi da sassafe ne da rage mai, ba yanka fiffike ba.

Yanzu batun tsattsafon. Kafin a taɓa yadin da ke lulluɓe da fiffike a gano inda man yake fitowa. Man 100LL shuɗi ne, yana barin tabo in ya bushe, sai a bi tabon zuwa sama. Sau da yawa laifin na mazurarar ƙasan tanki ne, ko wuyan marfi, ko bakin da bututu ke fita, ko tiyon da ya ƙeƙashe a gindin fiffike. Waɗannan duk gyaran yini ɗaya ne. In ba a gani ba, a zuke man, a toshe ƙofofi, a hura iska kaɗan ƙwarai, a shafa ruwan sabulu a kan ɗinkin walda. Balan-balan a bakin marfi ta isa ta nuna ko iska na zurarewa. Kada wani ya jona kwamfaresa kai tsaye, tankin zai kumbura ya tsage a wurin da da lafiyarsa ƙalau. A kuma leƙa ciki da fitilar da ba ta tartsatsi: in an taɓa shafa masa tsohon gam na toshe yoyo kuma ya fara ɓarewa, ɓawon nan zai gangara ya toshe bututu ko rariyar mai, wannan ya fi yoyon hatsari.

Abin da ya fi tankin muhimmanci shi ne azarar fiffike, domin ta katako ce. Man da ya daɗe yana jiƙa ta yana cinye banishi, ya sassauta ƙananan ƙusoshin da ke riƙe haƙarƙarin fiffike a jikinta. A buɗe ramukan dubawa a haska gaba da bayanta, a nemi tsaga ko baƙin tabo kusa da gindi. In azara ta taɓu, maganar tanki ta zama ƙarama.

In za a bar tankunan, ga abin da ke ɓaci da dalilinsa. Tankin fiffike ba ya ba inji mai kai tsaye, yana gangarawa ne cikin tankin hanci ta bawul. Wanda ya buɗe bawul alhali hanci bai yi ƙasa da rabi ba, lita 23 ba ta da wurin shiga, sai man ya yi ambaliya ta marfi ya fesu a gilashin gaba, ga inji da zafi. A juye tanki ɗaya a lokaci guda, jirgi yana tafiya a miƙe, ido yana kan wayar da ke nuna yawan man tankin hanci: in ta daina nutsewa ko ta fara ɗagowa, mai yana shiga. Kada kuma a jira sai hanci ya kusa ƙarewa, domin in man ya ƙi gangarowa kana bukatar abin da zai kai ka fili. Yawanci abin da ke hana shi gangarowa ramin numfashin marfi ne ya toshe, da ƙura ko gidan zanzaro, ko an ɗaura marfin bakinsa yana kallon baya maimakon gaba. Bawul ɗin da ya gaji shi ma yana sulalo da mai cikin dare, ka wayi gari ƙasan jirgi ya jiƙe. Tankin da ake bari wayam yana tara raɓa, balle in jirgin yana kwana a Jidda ko Dammam, don haka a tsiyayi ɗan mai a kofi a duba ruwa kafin kowane tashi.

Lokacin da cirewa ke da ma'ana shi ne in tankin ya ci tsatsa ta ko'ina kuma dama za a sake wa fiffike yadi. A nan a zuke mai cikin garwar ƙarfe da aka haɗa da jikin jirgi da waya, a bar shi ya sha iska. A duba ko wayoyin da ke ɗaure fiffike ta ciki sun ratsa tankin, domin in an kwance su sai an sake daidaita fiffiken da awo. A cire bututu da bawul gaba ɗaya, a rufe mashigar tankin hanci da marfi ko toshiya irin ta jirgin sama, wato marfin AN929 ko toshiyar AN913, gwargwadon irin bakin, ban da lanƙwasa bututu da filaya. Gurbin tankin a mayar masa da haƙarƙari bisa zanen kamfani, in ba haka ba yadin zai riƙa kaɗawa. Faci kuma da irin tsarin yadin da ke kai, Ceconite ko Poly-Fiber, ba a gauraya su. Wanda zai yi wa tankin walda ya fara wanke shi da tururi ya cika shi da iskar argon wadda ba ta kama wuta, tankin da babu mai sai hucinsa shi ne mai fashewa.

Daga nan sai sikeli da takardu: sabon awon nauyi da cibiyarsa, gyara jerin kayan jirgi, cire rubutun bawul a gaban matuƙi. In rajistar HZ ce, wato ta Saudiyya, a nemi amincewar GACA, hukumar sufurin jiragen saman ƙasar, kafin a sa almakashi. In ta Amurka ce, injiniya mai lasisinsu zai duba ko aikin na bukatar fom 337 na manyan gyare-gyare. Tankin da aka cire kuma a adana shi da bawul ɗinsa, mai sayen jirgin nan gaba zai tambaye su.