Tambaya da Amsa: Agajin ambaliya da na almajirai, da me ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta matan unguwa tana da ɗan asusun taimako. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, mun aika gwanjo da buhunan shinkafa, daga baya muka ji wai ba su aka fi buƙata ba. To me ya kamata mu saya? (Wata Hajiya daga Kano)

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da lada. A fara da ruwan sha. Ambaliya kan kwashe ƙazantar masai ta zuba a rijiyoyi, daga nan sai amai da gudawa. Ma'aunin da masu agaji ke bi shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana, wato gidan mutum 7 na buƙatar lita 105, jarka mai lita 20 guda biyar da ɗoriya.

Ku sayi jarkoki masu murfi, da sabulu, da ƙwayar Aquatabs, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha. Mai nauyin miligiram 67 guda ɗaya ake jefawa a jarkar lita 20 idan ruwan garau yake, a jira minti 30. In ya gurɓace da laka, a sa alif ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta tukuna, don laka na cinye ƙarfin maganin. Inda aikin ke ɓaci shi ne a juye ruwan a bokiti buɗe, kowa na tsoma moɗa.

Ku haɗa da ORS, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ba mai gudawa. In ya ƙare, ana dama sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a ruwa mai tsabta lita ɗaya. Gishiri ya yi yawa, yaro zai galabaita.

Ɗanyar shinkafa kuwa, wanda tukunyarsa ta bi ruwa da me zai dafa? Kwanakin farko dafaffen abinci ya fi, ko garin kwaki da ƙuliƙuli. Madarar jarirai ta gwangwani kada ma ku raba, da gurɓataccen ruwa za a dama ta.

Tambaya: Almajiran da ke kwana a tashar kusa da shagona duk sun cika da ƙazuwa. Kuɗi zan ba su? (Wani ɗan kasuwa daga Zariya)

Amsa: Alhaji, kuɗin hannu manyan cikinsu ke ƙwacewa. Nemi malaminsu, a rubuta sunan kowane yaro da garin iyayensa. Sai a kira ma'aikacin lafiya ya duba su. Ƙazuwa tana dawowa ne saboda a kan shafa wa yaro ɗaya magani alhali su ashirin ke kwana tabarma ɗaya. Dukkansu za a shafa wa rana guda, daga wuya zuwa ƙafa, a wanke tufafi da ruwan zafi, a shanya tabarmi a rana. Yaron da ya rabu da iyayensa kuma a kai maganarsa ofishin Red Cross, suna da sashen haɗa iyalai.