Tambayoyin Masu Karatu: Yaron da Ke Mura da Allurar Wata Tara

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta koyon aikin jinya a Garwa, yanzu kuma ina aikin gwaji a wata ƙaramar cibiyar lafiya. Wata uwa ta kawo ɗanta mai wata shida yana mura, ta nace sai an ba shi antibayotik, aka hana ta. Ta ce to a yi masa allurar ƙyanda tunda ta ɓulla a unguwarsu, aka ce sai ya cika wata tara. Ta juyo gare ni tana neman dalili, na kasa ba ta amsa. Don Allah a warware mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda muke kiran komai da suna ɗaya, wato ƙwayoyin cuta, alhali kuwa halittu ne mabambanta. Akwai bakteriya, masu haddasa tarin fuka da kwalara da sankarau irin na lokacin zafi; akwai bairos, masu kawo mura da ƙyanda da shan inna; sai dangin naman gwari masu sa makero, da kuma irin wadda sauro ke ɗaukowa ya sa zazzaɓi.

Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci tana hayayyafa, tsawonta bai wuce kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita da yawa ba, kuma tana da bango da ya kewaye ta. Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, da ɗan'uwansa amoksisilin, dukansu antibayotik ne, wato magungunan kashe bakteriya, aikinsu shi ne hana ta gina wannan bango har ta fashe. Shi kuwa bairos ba shi da irin wannan bango, kuma ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jikin mutum ya mai da ita masana'antarsa, saboda haka maganin da aka yi don rushe bango ba shi da abin da zai rusa. Abin da zai yi kawai shi ne kashe bakteriya masu amfani da ke cikin hanjin yaron, ya bar masu taurin kai su yaɗu, ranar da ciwon huhu na gaske ya zo kuma a tarar maganin ya daina ci. Wannan ne ya sa raina ke ɓaci idan na ga ana sayar da waɗannan magunguna a faifai a bakin kasuwa kamar goro.

To wa ke warkar da murar? Garkuwar jikin yaron ce, kuma hawa biyu ce. Ta farko da ita aka haife mu: fata, majina, tsamin ruwan ciki, da fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye duk baƙon da suka tarar ba tare da sun tambayi sunansa ba. Mugunyar da kike wankewa a gyambo, mafi yawanta gawarwakinsu ne. Ta biyu koyo take yi. Wasu fararen ƙwayoyin jinin da ke taruwa a saifa da kaluluwa sukan nazarci kamannin baƙon, su ƙera masa sinadarin kariya na musamman da ake kira antibodi, wanda bai dace da kowa ba sai shi, kamar makulli da kwaɗonsa. Aikin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu a karon farko, amma sukan ajiye masu tuna fuskarsa, shi ya sa kakanninmu suka lura cewa ƙyanda ba ta kama mutum sau biyu. Allurar rigakafi darasi ce da ake ba wannan hawa na biyu da ƙwayar da aka raunana ko aka kashe, ko wani ɓangare nata. Da ita aka kawar da agana daga duniya a 1980.

Batun wata tara kuwa, hikimarsa tana wajen uwa. A watannin ƙarshe na ciki antibodinta na ratsa mabiyiya su shiga jinin jariri, su tsare shi na wasu watanni, amma aro ne, a hankali suke ƙarewa. Allurar ƙyanda tana ɗauke da bairos mai rai da aka raunana. Idan aka yi ta da wuri, kariyar uwa na iya hallaka shi kafin jikin yaron ya koyi komai. Shi ya sa akan jira kariyar ta ragu, amma ba a daɗe har a bar shi ba tsaro, sannan a ƙara allura ta biyu a shekararsa ta biyu saboda waɗanda ta farko ba ta kama su ba. Idan annoba ta tabbata, hukumomin lafiya kan ba da umarnin yi wa yara tun daga wata shida, sai dai wannan ƙari ce, ba ta maye gurbin ta wata tara, don haka ki sanar da shugaban cibiyarku labarin da matar ta kawo daga unguwarsu.

Idan ta dawo, ki ce mata: "Mama, murar nan jikinsa ne zai kore ta, ki ci gaba da ba shi nono sosai. In kin ga numfashinsa ya yi sauri, ko ƙirjinsa na lotsawa, ko ya ƙi kama nono, ko ƙuraje sun feso masa, ki kawo shi ko da tsakar dare ne." Sannan ki rubuta mata ranar da zai cika wata tara a katinsa, ki karanta mata ita da baki.