Amsa ga 'yar uwar da bakinta ke mutuwa a gaban mutane

Assalamu alaikum 'yar uwa. Wlh da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, kin ce in kin tsaya gaban mutane muryarki rawa take, ko bashinki ba kya iya tambaya, a gida kuma ana ce miki hali zanen dutse ne, wai ko akwai wanda ya taɓa canzawa. Akwai, ga ni nan.

A Aboabo da ke Kumasi, Ghana, na koyi ɗinki wajen wata madam, ba zan kira suna ba. Tunda matar nan ta gane ba na iya mayar da magana shikenan ta samu wajen sauke laifi. Ana saura kwanaki sallah ita da hannunta ta ɓata yankan leshin wata amarya, ina tsaye ina riƙe mata tef na ga inda almakashi ya zarce, amma da dangin amarya suka zo sai ta nuna ni wai ga wadda ta yi. Maganar na cikin bakina, na san gaskiyata, harshe ya ƙi motsi, gumi kawai ke bin bayana, sauran yaran shago sun sunkuyar da kai kan keke kamar ba su nan. Ta ce ku bar ta, bebiya ce, haka za ta mutu. Mamata sai da ta sayar da atamfofinta muka biya leshin da ban taɓa ba. Daga nan har Asawase a ƙafa na tafi ina kuka, har yau in trotro, motar haya, ya bi ta layin nan kirjina sai ya buga, kuma matar ko a wajen suna muka haɗu sai ta gaishe ni kamar ba komai, abin nan shi ya fi min ciwo.

Ƙanina da ke karatun jinya shi ya fara ce min ƙwaƙwalwa ba dutse ba ce, abin da kike maimaitawa shi ke ƙarfafa haɗin jijiyoyinta, ko da kin girma. Ya ba ni labarin direbobin tasi na Landan, a 2000 wata mai bincike, Eleanor Maguire, ta duba ƙwaƙwalwarsu ta ga ɓangaren da ke riƙe hanyoyi ya fi na sauran mutane girma, wanda ya fi daɗewa a aikin nasa ya fi. Ni dai da keken ɗinki na fahimta, farko ƙafa sai ta juya shi baya zare ya tsinke, yanzu ina hira ƙafar na aikinta.

Sai na fara da ƙanana. In na shiga kasuwar Kejetia dole in taya kaya ko da sidi biyu za a rage min, wurin baƙi da ba su san ni ba. Sannan jumla ɗaya na riƙe, “a ba da rabi kafin in yanka”, ina faɗinta da ƙarfi a ɗaki bayan asuba har ranar da ta fito da kanta gaban kastoma. Muryar ta yi rawa amma ta fito. Kar ki jira tsoron ya tafi tukuna, ba ya tafiya sai kin yi da shi.

Kuma dan Allah kar wani ya ruɗe ki da zancen wai a kwana 21 sabuwar al'ada ke zama. Binciken Phillippa Lally na 2009 a Landan ya nuna sabuwar al'ada kan ɗauki kusan kwana 66 kafin ta zauna, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rusa aikin. In abin ya kai ba kya barci ko numfashi na sarƙewa ki je asibiti, ba abin kunya ba ne, addu'a ma kar ki bari.

Iyaye ku ma in kun kai yaro koyon sana'a ku riƙa leƙawa, yaro mai shiru shi ake ɗora wa komai.

Bashin nan naki ki fara da mafi ƙanƙanta, ki rubuta abin da za ki faɗa a takarda, ki kira mutumin da safe, ki faɗi kuɗin da ranar da kike so, kuma kar ki buɗe da “yi haƙuri”, kuɗinki ne.