Rufi na yoyo, shago na neman kaya: ina za a fara sa kuɗin?

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya kamar haka: "Ina da gidan da na gina shekara 14 da suka wuce. Ina zaune a sashe ɗaya, ɗayan kuma na ba da haya. Silin na ɗaki guda ya yi tabon ruwa, bangon baya ya tsage, fenti ya koɗe, iyalina kuma suna so a sa tayil a falo. Kuɗin da ke hannuna ba za su ɗauki duka ba, ga shago yana neman kaya. In fara da wanne, ko in bari sai kasuwa ta buɗe?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin mu jera ayyukan, bari mu raba gidan nan gida biyu, don a nan lissafin mutane da yawa yake karkacewa. Akwai fili, akwai gini. Fili shi ne yawanci yake ƙara daraja ko ba ka taɓa shi ba. Gini kuwa tun ranar da magini ya sauke cokalinsa yake tsufa. Mai gida yakan ji dillali ya ce gidajen unguwa sun yi tsada, sai ya ɗauka nasa ma ya hau, alhali filin ne ya hau, ginin yana cin ribar ta ƙasa. Ranar da mai saye ya zo, zai yi kuɗin fili, ya yi kuɗin gini, sannan ya zabge kuɗin gyara, kuma ba ya zabge daidai: yakan ƙara da kuɗin tsoron abin da bai gani ba.

Tambayar da nake so ka yi wa kowane aiki guda ɗaya ce: in na bar shi wata shida, kuɗin gyaransa zai tsaya inda yake, ko zai haihu? Fenti da tayil ba sa haihuwa. In ka bar su, iyaka farashin kaya ya motsa. Yoyo kuwa yana haihuwa, kuma da sauri.

Saboda haka ruwa ne na farko, ba tare da jayayya ba. Tabon da ka gani a silin shi ne ƙarshen labari, ba farkonsa ba. Kafin ruwa ya nuna a ƙasa ya daɗe yana jiƙa katakon da ke sama. Yau aikin na iya zama ƙusa da ta saki ko falle ɗaya na kwano da ya huje. In aka bari, katako ya ruɓe, silin ya rufto, danshi ya kira gara, ruwa ya bi wayar wuta. Aikin kafinta ɗaya ya koma na mutum huɗu. In rufin na kankare ne, abin ya fi haka muni: ruwa yana ratsawa ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuma tana cin wuri ninki biyu ko fiye na ƙarfen da ta fito daga jikinsa, sai ta fasa kankaren daga ciki. Kuma a lura, inda tabo ya fito ba lallai ne nan hujin yake ba, ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga. Sai an hau an duba.

Daga sama ka sauko ƙasa. Ka zagaya gidan bayan an ɗauke ruwan sama, ka ga inda ruwa yake kwanciya. Ƙasar da ke jikin bango ya kamata ta gangara waje, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. In indararo yana zuba a gindin bango, ko magudana ta toshe, tushen ginin ne yake shan ruwan. Alamarsa ita ce fenti yana ɓarewa daga ƙasa, kanwa tana fitowa fari-fari a jikin filasta. Masu shafa sabon fenti a kan irin wannan bango kuɗinsu suke zubarwa, don kafin shekara ta zagayo zai sake kumbura.

Na biyu, wuta. Ba ka ambace ta ba, amma gida mai shekara 14 da aka yi ta ƙara masa na'urori ya cancanci a kira ƙwararre ya duba. Soket da ya yi baƙi, makunni mai zafi, warin ƙonewar roba, ko abin katse wuta da yake yawan faɗuwa, duk ba abin jira ba ne. Kada ka yarda wani ya "gyara" fis da waya mai kauri. Ya cire mai gadi ne kawai. Sauran matsaloli suna rage darajar gida a hankali, gobara kuwa a dare ɗaya take gamawa, ga kuma rayukan 'yan haya a wuyanka.

Tsagar bangon baya fa? A nan ba zan tsorata ka ba, ba kuma zan kwantar maka da hankali ba, sai an auna. Siririyar tsaga kamar gashi, ƙasa da milimita 1, yawanci ta filasta ce, tana iya jira. Wadda ta kai milimita 5 ko ta wuce, ko ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ana ganinta ciki da waje, wannan ta injiniya ce. Haka in ƙofar da ke kusa ta fara cijewa. Ka sa fensir ka yi alama a ƙarshen tsagar, ka rubuta kwanan wata, ka dawo bayan wata ɗaya ko biyu. In ta wuce alamar, ginin yana motsi, cusa siminti a ciki rufe ido ne kawai. Sau da yawa ma ruwan nan na gindin bango ne sanadi, shi ya sa na ce a fara da shi.

Fenti ya biyo baya, na waje kafin na ciki tunda shi yana kare bango. Tayil ne na ƙarshe. Ka ba uwargida haƙuri. Kwalliyar da aka yi daidai da son mai gida ba kasafai take mayar da kuɗinta duka a wurin sayarwa ba.

Yanzu batun shago. Na san abin da ke ranka: kuɗi a kaya suna juyawa, kuɗi a rufi sun kwanta. Gaskiya ne ga fenti da tayil, don haka su jira, kuɗinsu su tafi kaya. Amma a ce jarinka yana kawo maka kashi 5 cikin 100 a wata. Cikin wata shida ka samu kusan kashi 30. Yoyon da aka bari ya ratsa damina guda yana iya ninka kuɗin gyaransa. Babu hajar da take tsere da wannan. Ka ƙara da ɗan haya da zai tashi: sashen da ya zauna wata biyu babu kowa ya cinye kashi ɗaya cikin shida na hayar shekara.

Abin da ya kai ka ga wannan tsaka mai wuya shi ne gidan ba shi da asusun kansa, sai ya riƙa miƙa hannu cikin jarin shago. Masu harkar gidaje suna da ma'aunin da suke yawan amfani da shi: a ware kamar kashi 1 cikin 100 na darajar gida kowace shekara don gyara, tsohon gida kuma fiye da haka. Ni na fi son a lissafa shi a kan abin da zai ci a sake ginin, ba a kan fili ba. Tunda kana karɓar haya, ka cire wannan kaso ranar da kuɗin suka shigo, ka ajiye shi inda hannun shago ba ya kaiwa.

A wannan karon, ka nemo masu aiki biyu ko uku su ba ka ƙiyasin rufi da magudana a rubuce, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Kada ka biya duka kafin a gama, kuma ka riƙe wani abu sai ruwan sama ya gwada aikin. Ka ɗauki hoto kafin da bayan gyara, ka adana rasit, don mai saye ko mai ƙiyasin banki ya fi yarda da takarda a kan baki. In kuɗin sun ragu bayan rufi da duba wuta, ka biya injiniya ya kalli bangon baya, sauran ka kai shago.