Ƙarar da ka ji lokacin da tauraro ya yanke

Salamu alaikum 'yan gurup. Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce daren jiya kuna kwance a tsakar gida can Garin Malam, tauraro ya yanke ya haske gari, a daidai lokacin ka ji "shuuu" kamar an tsoma ƙosai cikin mai. Na san abin da ke cin ranka, yara sun yi maka dariya, kana so ka ji ko kunnenka ne ya yi maka ƙarya. To bai yi ba.

Ƙarar iri biyu ce. Akwai mai zuwa daga baya, kamar yadda walƙiya ke riga tsawa. Sauti yana cin kilomita ɗaya cikin sakan 3. Shi kuwa tauraron, kai, ba ma tauraro ba ne, tsakuwa ce, tana ƙonewa wajen kilomita 80 zuwa 100 bisa kanmu, kusan nisan Damagaram zuwa Magariya amma a tsaye. Yi lissafi, sai wajen minti 5 ƙara za ta iso. A Rasha, garin Celyabinsk, 2013, haka ta faru: mutane suka ga haske suka je bakin taga kallo, bayan kamar minti 2 ƙarar ta farfasa gilasai, wajen mutum 1,500 suka ji rauni. Ko nan kusa, a Zagami ƙasar Katsina, 1962, dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi, daga baya aka gano daga duniyar Mas yake. To bar wannan.

Taka ita ce mai wuya, don tare da hasken ta zo. Ni ma na ji ta ina yaro, muna shan iska bisa duwatsun Birni. Da safe na faɗa wa mushe, malaminmu, a lakwal, ya tsayar da ni gaban aji ya ce tatsuniyar kakata ce. Shekara nawa yau, wallahi ban manta ba! Har alli ya ba ni in yi lissafin a allo. Lissafinsa daidai ne, amma ni dai na ji. Ashe ba shi kaɗai ba, Edmon Hali ma, babban masanin taurari na Ingila, a 1719 cewa ya yi zato ne kawai na mutane.

Abin da mushe bai sani ba, ƙarar ba daga sama take tahowa ba, nan gefen kunnenka ake haihuwarta. A 1980 wani masani a Ostireliya, Kolin Ke, ya ce wutar tana sakin igiyoyi irin na rediyo, masu gudun haske, su girgiza waya ko kwanon rufi. A 2017 wasu a Amurka suka ce hasken ne da kansa, yana ƙyaftawa da sauri, ya ɗumama busasshen ganye ko gashin kai ko baƙin tufa, iskar wurin ta motsa. Har yanzu suna ja a kai. Amma a 1998 an ɗauki ƙarar a na'ura a Mongoliya, na'ura kuwa ba ta da kaka mai tatsuniya.

Na ce "duk tauraro"? A'a, ban ce ba, sai mai haske ƙwarai. Kai dai faɗa mini, kusa da darnin kara ka shimfiɗa tabarma ko ƙarƙashin rumfar kwano?